Ranar da Famfo Ya Sha Maganin Albasa

Samarin da ke koyon aikin famfo a shagon bakin layinmu a Yelwa sukan zo su zauna wurina da yamma, kuma ina jin daɗin zuwansu. Kwanakin baya ɗayansu ya ce mini, "Baba, ku dai kun sha wuya a banza. Aikin nan yanzu zarto ne da gam. Ka yanka, ka shafa, ka haɗa, ruwa ya wuce." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban ba shi amsa ba a ranar, don ba a daɗe da binne Bulus ba, kuma bakina bai koma doguwar magana ba tukuna. Bulus abokin aikina ne a gidan ruwa, Bakambare daga ƙasar Ngaski. Tare muka shiga aikin muna samari, tare muka ajiye shi da furfura. Shi yana kirana Liman saboda nakan tsayar da aiki in yi salla, ni ina kiransa Fasto, ko da yake bai taɓa tsayawa gaban kowa ya yi wa'azi ba. Da yana nan, da ya ba saurayin amsa nan take, ya haɗa masa da zolaya. Tunda ba ya nan, zan rubuta iyakar abin da na iya.

Wanda ya koya mana aiki sunansa Malam Ɗantani. Da farko bai bar mu mun taɓa ko sifana ba. Ya jira ranar da aka kashe injin tura ruwa da tsakar rana, ya kai mu wani famfo da ke kan tudu, ya buɗe shi. Ko ɗigo babu, sai wani sauti kamar mutum yana zuƙar miya mai zafi. Ya ce in ɗora tafin hannuna a bakin famfon. Na ɗora, sai na ji ya kama fatar hannuna yana tsotsa.

"Mi kaj ji?" in ji shi.

Na ce, "Malam, ja na yake yi."

Ya ce, "To riƙe wanga har ka tsufa. In inji na aiki, famfo bayarwa shika yi. In inji ya tsaya, karɓa shika yi. Kuma ba shi zaɓe."

Ga yadda abin yake. Garinmu ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai tudu, akwai gangaren da ke sauka zuwa bakin tafki. Idan inji ya tsaya, ruwan da ya rage cikin bututu ba ya zama wuri ɗaya, gangarawa yake yi zuwa famfunan ƙasa inda mata ke tara bokiti. Yana sauka yana barin gurbi a bayansa, gurbin nan kuwa dole wani abu ya cike shi. In bakin famfon sama a sarari yake, iska zai zuƙa, ba laifi. In kuwa an saƙala masa tiyo, kan tiyon kuma yana nutse cikin baho ko duro, to abin da ke ciki zai zuƙa, daidai yadda mai kabu-kabu ke zuƙo fetur daga tankin mashin. Duk abin da ya shiga, mutanen gangare ne za su tare shi a bokitinsu. Wanda ya rage, in inji ya tashi, a raba wa unguwa duka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai diga da shebur, da zarto, da babbar sifana mai haƙora, da zaren rama da fenti da muke naɗawa a bakin bututun ƙarfe kafin mu ɗaure. Akwai dogon makulli, ƙarfe ne da ya kai ƙugun mutum, da shi ake zura hannu cikin rami a rufe bawul, wato maƙogwaron da ke tare ruwan layi guda. Akwai kuma sandar sauraro. Sandar ƙarfe ce kawai, ka kafa ta a kan bututu, ka jingina kunnenka a ɗaya kan. Ni nakan ji ƙara ne kurum. Bulus kuwa sai ya ce, "Yoyo yana gaba, wajen gindin darbejiyar can," a haƙa a tarar. Amma abin da Malam Ɗantani ya fi sa mu wasa shi ne hanci. Duk gidan da muka shiga, kafin gaisuwa ta ƙare mun shinshina ruwan randa.

Aikin da muka fara yi mu kaɗai a gidan wani tela ne. Matarsa ta ce ruwansu yana ɗanɗanon sabulu, wani lokaci ma abin da ya fi sabulu muni. Muka bi bututun daga tsakar gida har waje, sai ga shi kwance cikin lambatun da ke kwashe ruwan wanka na gidajen layin. Ya tsage, an naɗe tsagar da robar tayar keke. Telan ya ce shi ya ɗaure, kuma bai ga abin damuwa ba, ai ruwa fita yake yi ta wurin, da idonsa ya gani yana tsartuwa. Bulus ya ce masa, "Maigida, da safe ka gan shi. Ka taɓa zuwa ka duba da azahar, in an kashe inji?" Muka yanke wurin, muka ɗaga bututun sama da lambatu, muka dafe shi da duwatsu da siminti. Irin wannan aikin mun yi shi har ba na iya tuna gidajen. Abin da muke roƙon mutane bai taka kara ya karya ba. Kada bututu ya kwana cikin ƙazanta. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakin famfo da ruwan da aka tara. Mai babban tanki ya sa bawul mai harshe, wanda ke buɗewa in ruwa na shiga, ya rufe kansa in ruwa ya juyo. Wasu su ji, wasu su ce mun cika iyayi.

Shekara mafi muni ita ce ta amai da gudawa. Damina ta yi ƙarfi, tafki ya cika ya tumbatsa, masai na unguwannin gangare suka haɗe da lambatu, duk wata tsaga da aka ɗaure da roba ta zama baki. Mun yi ta yawo cikin ruwa iya gwiwa muna ciro bututu daga laka, muna yankewa, muna toshewa. Da safe ka gyara famfon gida, da yamma ka wuce ka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar. Malam Ɗantani yana cikin waɗanda aka kai maƙabarta a daminar nan. Ba zan tsawaita a kanta ba. Ranar da nake so ku ji daban ce, ita ta zo da sauƙi.

Cikin azumi ne, a wata shekara da ya faɗo ƙarshen rani, zafi ya soma. Lokacin babu wayar hannu. An ɗauke wuta wajen azahar, inji ya tsaya, mu kuma muna dawowa daga wani gyara a kan kekunanmu, ta layin da ke hawa tudu sannan ya gangara unguwar masunta. A kan tudun akwai gidan Alhaji Mamman, manomin albasa, mutumin kirki mai yawan faɗa. Muka tarar da shi a ƙofar gida yana ta sababi shi kaɗai. Da ya gan mu ya ɗaga hannu, ya kira sunana.

"Garba, tsaya ka ga abin da anka yi mini! Cikin watan ga mai alfarma, an shigo har gida an sace mini magani."

Na ce, "Wane magani, Alhaji?"

"Na feshi! Na haɗa na bari duro shi cika, na shiga na ɗan kishingiɗa. Ruwa ya wuce rabi sa'ad da na bar shi. Zo ka gani yanzu."

Bulus ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ɓarawon maganin ƙwari sai dai in tsutsa ce ta gaji da duniya."

Muka shiga rumfar da yake ajiye albasa. Manoman wajenmu da yawa a gida suke haɗa maganin feshi, don ruwan tafki yana da laka, yana toshe bakin abin feshin. Sai su haɗa da ruwan famfo, su ɗura a jarkoki su kai lambu. Kuma suna da wata dabara: in ruwa na zubowa daga sama, maganin kumfa yake yi har ya malalo, don haka sai su ɗaura wa tiyo dutse su nutsar da shi can ƙasan duro, ruwa ya riƙa shiga a hankali. Tunda ruwa ba shi da lokaci, famfon a buɗe ake barinsa.

Duron yana nan, babu komai ciki sai ɗan farin ruwa kamar tsinkakken nono a ƙasa. Tiyo yana kwance a ciki da dutsensa. Ƙasar da ke kewaye a bushe take ƙayau. Na ga dariya ta bar fuskar Bulus. Ya ciro tiyon, ya kara kansa a kunne, sannan ya miƙo mini. Yana shan iska, siii.

"Liman," ya ce a hankali, "ba wanda ya sata. Yana cikin layi."

Alhaji ya ce, "Wane layi? Ruwa ai shigowa shika yi."

Bulus bai tsaya bayani ba. Ya zaro wuƙa ya datse tiyon taƙi ɗaya sama da bakin duro, ya rufe famfon, ya ce mini, "Kai rufe bawul, ni na gangara." Ya haye keke ya tafi.

Na ɗauki dogon makulli na nufi mahaɗar da ke bakin titi, inda layin ya rabu da babban bututu. Ramin bawul ɗin ya cika da yashi da ledoji, da hannu na yashe shi. Na ɗaure har ƙarshe, don in wuta ta dawo kada a tura abin da ya rage cikin gidajen mutane. Na tare wani mai kabu-kabu na roƙe shi ya kai saƙo gidan ruwa. Duk wannan Alhaji yana tsaye a kaina, ina aiki ina gaya masa abin da Malam Ɗantani ya nuna mana da tafin hannu. Ban san a inda ya gane ba. Na dai ga ya juya, can sai ga shi ya fito da mashin ɗinsa, ko hula babu.

"Hau," ya ce.

Abin da ke gabanmu a fili yake. Ragowar ruwan da ke tsiyayowa a famfon unguwar masunta bayan inji ya tsaya, mata suna kiransa wutsiya, kuma har faɗa ake yi a kanta. Wutsiyar ranar ita ce maganin Alhaji. Duk wanda ya tare ta ya kai gida ya juye a randa, yana jira ta yi sanyi. Azumi ya rufe bakin manya zuwa faɗuwar rana. Da an kira magariba, kowa kofi zai ɗauka.

Mun tarar Bulus ya ɗaure famfon unguwar da waya, mata sun kewaye shi. Wata tana cewa, "Kai ba ka azumi shi ya sa! Ka san ƙishi kuwa?" Shi dai yana ta ba da haƙuri. Na sauka na yi sallama, na ce, "Iyayena, ba ruwa munka zo hana ku ba. Guba ta shiga bututu. Ku gaya mana, wa da wa sunka samu wutsiya yau?"

A nan Allah Ya taimake mu. Mace ba ta manta wadda ta samu ruwa a ranar da ita ba ta samu ba. Nan take suka lissafo su: Gwaggo Asabe, da Lami matar mai gyaran komar kamun kifi, da wasu gidaje a lungun bayan masallaci, sai Tanko mai ga-ruwa, wanda suka ce ya zo ya yi musu kane-kane da kurarsa ya cika jarkoki. Matan da ke zagin Bulus su ne suka ajiye bokiti suka bazu cikin lunguna suna kira.

Gidan Gwaggo Asabe ruwan yana cikin bokiti a bakin ƙofa, bai kai randa ba. Ya yi fari-fari. Na tambaye ta ba ta ga launinsa ba? Ta ce, "Na gani, ɗana. Ai na ɗauka maganinku ne na gidan ruwa kunka ƙara." Gidan Lami an riga an juye a randa, amma yaranta suna gidan kakarsu tun safe. A lungun bayan masallaci wata ta jiƙa gero da shi, muka ce ta haƙura da geron. Muka sa aka haƙa rami nesa da rijiya, nesa da inda awaki ke kiwo, duk abin da aka kwaso a zuba a ciki. Kowane gida tambaya ɗaya nake yi: akwai yaro ko mara lafiya da ya sha? A ce babu, in ce alhamdu lillahi, mu wuce.

Saura Tanko. An yi la'asar ba mu gan shi ba. Wani ya ce ya nufi kasuwar kifi, wani ya ce tashar mota. Alhaji ya ɗauke ni muka zagaya, Bulus ya bi bakin ruwa da kekensa. Rana ta soma ja sa'ad da muka hango kurar a gindin wata bishiya, Tanko yana kwance ƙarƙashinta, azumi ya kayar da shi. Jarkokin duk fanko ne sai guda.

"Tanko, ina ruwan da ka ɗiba da azahar?"

Ya murza ido. "Na Inna Kulu ne. Kullum ita nika kai ma. Wagga guda ta ce in riƙe mata sai anjima." Muka ɗauki jarkar muka ɗora a mashin.

Inna Kulu tsohuwa ce da kowa ya sani a tashar jirage. Mijinta masunci ne, ya rasu a ruwa. Tun daga nan duk azumi take dama kunun tsamiya a babbar tukunya, sadaka, masunta da masu tuƙa jirage su sha ruwa da shi in sun fito. Mun same ta a rumfarta ta sauke tukunya, tana jera kwanoni a kan tabarma. Mutane sun fara taruwa, wasu na alwala a bakin ruwa. Bulus ya riga mu isa, don shi ma an nuna masa hanya, yana tsaye ya riƙe hularsa a hannu, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata abin da ya faru.

Ta ce, "Na ji, abokinka ya faɗi. Garba, ba ku ba ne kunka bi gida gida shekarar amai kuna cewa a tafasa ruwa? To wanga ya tafasa har ya gaji. Tun azahar nike gaban wuta da azumi a bakina."

Na ce, "Inna, wancan ciwo ne, wuta na kashe shi. Wannan guba ce. Ko kwana ta yi kan murhu tana nan."

Bulus ya buɗe jarkar da muka zo da ita ya miƙa mata ta shinshina. Ta kawar da kai. "Jarkokin Tanko dama haka suke wari, tsoffin na kananzir ne." Ni ma na sunkuya kan tukunyar. Tsamiya da citta da kanumfari sun rufe komai, ƙamshi ne kawai mai tayar da yunwa.

Wani matuƙin jirgi daga cikin masu jira ya ce, "Ku ma'aikata kun faye kawo magana. Yaushe ruwa ya taɓa komawa baya?"

Wani dattijon masunci, Malam Audu, mutumin tsibirai, yana zaune yana ɗinkin koma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Je ka tambayi garin ubana. Yana nan ƙarƙashin tafkin ga tun da anka datse kogi." Wasu suka yi dariya, amma ba wanda ya matsa daga tukunyar, Inna Kulu kuma ludayi na hannunta. Rana ta kusa taɓa ruwa. Alhaji ya ce zai ɗauki nauyin komai, a zubar kawai. Ta ce masa ita ba sayarwa take yi ba, ya adana alherinsa.

Bulus ya juya wajen dattijon ya ce, "Baba, akwai mai rai cikin jirginka?"

Malam Audu ya dube shi, ya ajiye koma, ya tafi ya dawo da 'yan karfasa a cikin ƙwarya, ƙanana, suna ta wutsil-wutsil. Bulus ya ari kwanoni biyu na Inna. Ɗaya ya ɗebo ruwan tafki, ɗaya ya tsiyaya na jarka. Ya raba kifayen. Kowa ya matso, har masu alwala.

Na kwanon tafki suka ci gaba da harkarsu. Na ɗaya kwanon suka yi ɗan zagaye kamar ba komai, har matuƙin nan ya fara cewa, "To, kun gani." Sai guda ya zabura ya bugi gefen kwano. Wani ya taso sama yana buɗe baki. Suka riƙa juyawa a karkace, kamar ana murɗa su. Kafin mutum ya gama alwala, fararen cikkunansu suna sama.

Mutanen bakin ruwa ba sai an yi musu fassarar wannan ba. Matuƙin ya ja da baya yana salati. Na dubi Inna Kulu ina jiran ta ce a ɗauke tukunyar, sai na ga ludayin ya faɗi daga hannunta.

"Hadiza," ta ce.

Hadiza 'yarta ce, ta zo gida haihuwar fari, tana cikin jego. Mai jego ba ta azumi.

"Da na sauke na farko, ni da kaina na kai mata kwano. Na aje mata bakin gado."

Ban taɓa ganin tsohuwa ta hau mashin da sauri haka ba. Alhaji ya ja ta suka shige lungu. Na ce wa Malam Audu kada kowa ya taɓa tukunyar, ya ce, "Tafi, ina nan." Ni da Bulus muka bi su da ƙafa, don yashin lungun ba ya barin keke. Ina gudu ina lissafin abin da za a yi: wa ke da mota a unguwar, ta wace hanya ce mafi kusa zuwa asibiti, jaririn kuma ya sha nono bayan nan ko bai sha ba. Maƙogwarona ya bushe har numfashi yana yi mini zafi. Bulus yana gabana, takalminsa ɗaya ya cire bai tsaya ba.

Muka tarar da mashin a yashe a ƙofar gida, taya tana juyawa. Alhaji yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Inna ta shige. Mu maza ne, gida kuma na mai jego, muka tsaya a bakin zaure. Na kasa kunne. Babu kuka, babu salati, babu komai. Can ciki wata akuya ta yi kuka, sannan jariri ya ɗan yi ƙara ya yi shiru. Bulus ya dafa bango yana haki.

Sai ga ta ta fito, riƙe da kwano da hannu biyu, faifai a kansa. Ta zo gabanmu ta ɗaga faifan. Kunun yana nan har baki, ya yi fata a sama, ko ludayi bai shiga ba.

"Ba ta sha ba," ta ce. "Wai ba ta iya sha ita ɗaya, gari duk na azumi. Jira take in komo mu sha tare." Ta sa bakin mayafi ta share fuska. "Kullum faɗan da nika yi mata ke nan. Kullum."

Alhaji ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ta dube shi ta ce, "Tashi, Alhaji, kar mutane su ɗauka mutuwa anka yi. Je ka ɗebo muna ruwan kirki daga cikin gari, ga bayin Allah can bakin ruwa ba abin da za su sa a baki." Ya tashi ya ta da mashin, ya tafi neman Tanko da kurarsa.

Na karɓi kwanon daga hannunta na ajiye a inda ƙafa ba za ta kai ba. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Na tsaya, babu dabino, babu ruwa, kuma duk randar da ke unguwar ba wadda zan yarda da ita. Sai Bulus ya kwance wata gora daga ɗamararsa ya miƙo mini. Tun safe ya cika ta a gidan ruwa. A cike take. Ashe duk gudun nan da ranar nan bai kurɓa ba, don shi ba ya shan ruwa a gabana in ina azumi. Ban taɓa roƙonsa haka ba, bai kuma taɓa faɗa ba.

Na yi bisimilla na kafa kai. Ruwan ya yi ɗumi, yana ɗanɗanon roba.

"Liman, a hankali," in ji shi. "Rage mini. Ka yi sallarka mu tafi, akwai layi guda da za mu wanke kafin mutanen nan su samu na sahur."